Ranar da Motar Arzika Katifa Ta Yi Gurnani

In ka je tashar Tambuwal ka ce kana neman Arzika, sai an tambaye ka wanne, don masu sunan sun yi yawa a ƙasar nan. Amma ka ce Arzika Katifa, ko mai tallar goro zai nuna maka shi da baki. Ba iyayensa ne suka laƙaba masa Katifa ba, matan da ke kawo nono kasuwa daga Kebbe ne. Cewa suka yi shiga motarsa da kwanciya bisa katifa duk ɗaya ne, mace ta ɗora ƙwarya cike fal a cinya tun daga Kebbe, ta sauka Tambuwal ko ɗigo bai taɓa zanenta ba. Kuma duk wanda ya san hanyar nan da damina ya san wannan ba ƙaramin kirari ba ne.

Haifaffen Jabo ne, ɗan manomi. Ya yi noman gero har gemu ya fara tsiro masa, sai wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gona ta tashi a tutar babu, ya bi wani tsohon direba mai suna Uthman don ya koyi tuƙi. Ranar da aka fara ba shi sitiyari, ya shiga da takalminsa, Uthman ya make masa ƙeya.

"Cire takalman ga! Kuloci magana shika yi, kuma da tafin ƙafa aka jin ta. Wanda ya sa takalmi ya toshe kunne nai."

Arzika ya riƙe maganar nan kamar karatun allo. Tun daga ranar, in zai shiga mota sai ya tuɓe silifas ya tura su ƙarƙashin kujera, ya ɗora ƙafar hagu tsirara bisa feda. Da ita yake jin daidai wurin da kuloci ke kamawa, ya sake shi a hankali, ya sa giya ba tare da fasinja ya san an canja ba. Da Allah ya hore masa tasa motar, wata tsohuwar Fijo mai dogon baya, sai ya ƙara wa kansa doka ta biyu: ba mahaluƙin da zai zauna a kujerarsa. Ko gareji aka je, shi zai hau da ita kan rami, shi zai sauko da ita, shi zai zaga da ita gwaji. Direbobi suna yi masa tsiya wai ko matarsa Batula bai yi wa kishi irin na motar nan ba, shi kuwa ko a jikinsa.

Makanikensa ɗaya ne, Bube, kuma shi ne ya auri autarsa Hamdiya. Yaro ne mai hannu, kowa ya shaida, amma fa akwai kunyar suruki. In ya hango Fijo ta karyo kwana, tun daga nesa zai ajiye sufana, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Bai taɓa haɗa ido da Arzika ba, bai taɓa ce masa a'a ba. Duk abin da aka faɗa, amsarsa "To, Baba."

Haka rayuwa ta yi ta tafiya, har kan Arzika ya yi fari fat.

Ranar da abin ya fara ran kasuwar Tambuwal ce, tsakiyar damina, gero ya kai kafaɗa. An cika mota a tashar Kebbe. Wani malami da farar riga ya zauna gaba, Husaina mai nono tana bayansa da ƙwaryarta a cinya, wurin da ta saba zama shekara da shekaru. Arzika ya yi bisimilla, ya taka, ya kama sandar giya zai sa ta ɗaya.

Ƙarrrrr!

Motar ta yi wani irin gurnani, ta zabura gaba, ta mutu. Nonon Husaina ya tashi ya wanke bayan malam tun daga wuya har kujera.

Wallahi tashar nan tsit ta yi. Mai shayi ya tsaya da kofi a sama. Wani ɗan kamasho ya ce, "Wa ka tuƙa motar Katifa?" Aka leƙa, sai ga Katifa da kansa, baki buɗe, yana kallon hannunsa na dama kamar an sauya masa shi. Husaina ba ta ma tuna da asarar nononta ba, ta dafe ƙirji tana cewa, "Innalillahi! Baba Arzika, lafiya?" Shi kansa malamin ya manta da rigarsa, ya juyo yana kallon direba. Kunyar da Arzika ya ji ran nan, da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Da ƙyar aka kawo Tambuwal, kowace giya sai an yi kokawa da ita. Yana sauke fasinja ya wuce garejin Bube.

"Bube, kulocin ga ya ci amanata. Giya ba ta shiga sai da gurnani."

"To, Baba. Bari mu fara da ƙaramin abu. Wataƙila man kuloci ne ya yi ƙasa, iska ta shiga."

Ya duba mai, ya ƙara, ya shige ƙarƙashin mota don cire iska. Wannan aiki kuwa mutum biyu ke yin sa, ɗaya yana ƙasa da sufana, ɗaya yana taka feda. Ba sai an faɗa ba, Arzika ne a kujera.

"A taka, Baba. A riƙe. A sake. A ƙara takawa, har ƙasa."

"Ai ƙasa take."

Bube ya fito da kai ta gefen ƙofa, ya dubi feda, ya dubi ƙafar da ke kanta, ya koma ƙarƙashin mota. Arzika ya ga wannan leƙen, amma ya ɗauka ɗigar mai yake nema.

Gurnani bai daina ba. Aka sauke giyabos, wato akwatin giya, sai ga filetin kuloci ya ƙone ƙurmus, ya yi santsi. Arzika ya tafa hannu, "Ka gani ko! Na san ba banza ba." Aka sa sabon fileti, aka canja boris ɗin kuloci, aka mayar da komai. Motar ta ɗan lafa kwana biyu, ya koma tasha yana ba kowa labari cewa an kama ɓarawon. Wata bai ƙare ba, sai ga ƙaurin ƙonewa yana tasowa ta ƙarƙashin kujera, giya ta koma gidan jiya.

Da aka sake saukewa, Bube ya daɗe yana juya filetin a hannu. Kansa a sunkuye ya ce, "Baba, wanga fileti sabo ne, amma ya ci kamar wanda ya shekara. Irin cin da shika yi in ana aje ƙafa bisa feda ana tafiya."

Kai, da ka ga idon Arzika!

"Ni? Ni zan aje ƙafa bisa kuloci kamar ɗan koyo? Tun uwarka ba ta yi aure ba nika tuƙi, Bube!"

Bube ya zube ƙasa. "Tuba nika, Baba. Kayan zamani ne, ba su da ƙwari."

Shi ke nan maganar ta mutu, aka ɗora wa kayan zamani laifi, aka sake ɗaura wani filetin. To me kake so yaron ya ce? Wanda ya ba ka ɗiyarsa, ka dube shi ka ce masa bai iya aikinsa ba? A garin nan ba a yi. Daga nan kuma babu abin da bai canja ba: ya canja masta ta sama mai tura man kuloci, ya canja ta ƙasa, ya zubar da man giya ya zuba sabo, ya ɗaure duk abin da ke ɗauruwa. Arzika yana tsaye a kansa yana faɗa, shi yana cewa to.

A gida ma Batula ta ga canji. Mijinta ya rame, yana shan ruwa kamar raƙumi ba ya ƙoshi, butarsa ba ta hutawa. Ta ce damuwar mota ce. Wata rana ya dawo daga sallar La'asar, ta dube shi ta riƙe haɓa.

"Malam, ina takalminka ɗaya?"

Ya duba, sai ga silifas a ƙafar dama, ta hagu babu komai, ta yi buɗu-buɗu da ƙasa. Tun daga ƙofar masallaci ya taho haka bai sani ba. Ya yi dariya ya ce motar nan za ta haukata shi, ita ma ta taya shi dariya, aka aika aka ɗauko takalmin.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne layinsa a tasha. Direban da fasinja suka guje wa, zamansa a layi bai da amfani, kuma Arzika bai san wata rayuwa ba bayan wannan. Ya fara lura mutane suna noƙewa in layi ya zo kansa, wannan ya ce zai sayo goro, waccan ta ce tana jiran ɗiyarta.

Sai ranar rafi. Akwai wani wuri a hanyar da ake gangarawa a tsallake ruwa, a hau tudu. An sha ruwan sama, rafin ya kawo. Arzika ya tsallake lafiya, ya kama hawa, tsakiyar tudu ya nemi ya dawo giya ta biyu, ta ƙi. Ya nemi ta ɗaya, ta yi gurnani ta ƙi. Mota cike da mutane da buhuna ta fara silalewa baya, tana nufar ruwa. Salati ya kaure, wata mata ta rungume jaririnta tana kururuwa. Allah ya sa birki ya kama, ya ja na hannu da duk ƙarfinsa, tayoyin baya suka tsaya a bakin ruwa. Fasinja suka fito, ba wanda ya yarda ya koma ciki, da ƙafa suka hau tudun.

Washegari a tashar Kebbe ya ga Husaina da idonsa, ta zo da ƙwaryarta, ta kauda kai kamar ba ta gan shi ba, ta shiga motar da ke bayansa. Wannan ya fi masa ranar rafi ciwo. Kafin azahar Shafi'u shugaban tasha ya ja shi gefe, yana ta sosa ƙeya.

"Baba Arzika, ka yi haƙuri. Ka ɗan huta da layi har motar ta gyaru. Rayukan mutane ne."

Arzika ya shiga motarsa babu fasinja ko ɗaya, ya kamo hanyar Tambuwal yana huci, ya riga ya yanke shawara yau ko Bube ya gyara ta, ko ya kai ta Sakkwato wurin waɗanda suka san aiki.

Yana isa gareji ya tarar da Na'iya zaune bisa wata tsohuwar taya yana cin gyaɗa. Na'iya taubashinsa ne, ɗan kawunsa, tsohon direban babbar mota da ya ajiye aiki. Tun suna yara suke wasan taubasai, babu baƙar maganar da ba sa gaya wa juna. Daga baya ne aka san Bube ne ya hau babur ya je har Dogon Daji ya ɗauko shi, don abin da suruki bai isa ya faɗa ba, taubashi zai faɗe shi yana dariya.

"A'a, Katifa ta zama tabarma!" in ji Na'iya. "An ce yanzu man shanu kaka kaɗawa mata a hanya, kyauta. Miƙo makulli in ɗana ta in ji."

"Kai? Da ka zauna kujerag ga gara in cinna mata wuta."

"To ko tsoro kaka ji ta shiga giya a hannuna?"

Ran Arzika ya ɓaci. Ya banko ƙofa ya diro, ko silifas ɗinsa bai tsaya jawowa ba. Ya tako har tsakiyar gareji, kusa da inda mai walda ke yankan wani ƙarfe, ya tsaya yana nuna Bube da yatsa.

"Kai kuma ka tara mini mutane a yi mini dariya ko? Ba abin da ba ka kwance ba a motag ga, ba abin da ka gyara! In aikin ya fi ƙarfinka ka faɗa mini, ba kunya ba ce!"

Yana cikin faɗa sai ya lura ba wanda ke kallon fuskarsa. Mai walda ya kashe wutarsa, ya ɗaga baƙin gilashi. Gyaɗa ta zube daga hannun Na'iya. Bube, wanda bai taɓa ɗaga kai a gabansa ba, ya miƙe tsaye ido waje. Sai wani ƙauri ya bugi hancin Arzika, irin na babbakar ƙafar sa. Har ya fara waige-waige yana neman inda ake babbaka.

"Arzika, ɗaga ƙafarka!" Na'iya ya daka tsawa.

"Ka raba ni da wasan banza, Na'iya."

"Wallahi ba wasa nika ba! Ɗaga ƙafarka ta hagu!"

Ya sunkuya ya duba. Hayaƙi ne siriri yake fitowa ta tsakanin yatsunsa. Guntun ƙarfen da mai walda ya yanke yanzun nan, wanda ko da tsumma ba a iya ɗauka, shi ya taka, kuma a kansa yake tsaye tun da ya fara faɗa. Bube ya yi tsalle ya rungumo shi, ya ɗaga shi cak, ƙarfen ya biyo tafin ƙafar kafin ya faɗi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Gareji ya ɗauka gaba ɗaya.

Aka zaunar da shi bisa benci, ana ta kwara ruwa. Arzika ya tallabo ƙafar da hannu biyu ya juyo tafinta. Fata ta ƙone ta yi fari, gefenta ya yi baƙi. Ya sa yatsa ya danna wurin. Ya ƙara dannawa da ƙarfi. Ya ɗago ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Ban ji ba," ya ce. "Jama'a, ban ji komai ba."

Na'iya ya durƙusa gabansa, babu sauran wasa a muryarsa. "Ɗan'uwa, ba mota ba ce. Yaron ga ya gani tun ranar cire iska. Rabin feda kaka takawa, kana cewa ƙasa take. In kana tafiya kuma ƙafar tana kwance bisa feda ba ka sani ba, ita ka ƙone fileti. Ya rasa bakin da zai gaya maka."

Arzika ya juya wajen Bube. Bube ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga bisa rigar aikinsa.

Dole a tafi asibiti, kuma babu mota a wurin mai tashi sai Fijo. Aka kama Arzika aka nufi ƙofar direba da shi bisa sabo, sai kowa ya tsaya cak. Shi ma ya tsaya. Ya daɗe yana kallon kujerar nan da ta lotsa daidai jikinsa, sannan ya zaro makulli daga aljihu. Na'iya ya miƙo hannu, Arzika ya ture shi, ya ba Bube.

Aka zagaya da shi ɗaya gefen, wurin da bai taɓa zama ba tun da ya sayi motar. Bube ya shiga a ɗarare, ƙafarsa babu takalmi, don tun da ya hango surukinsa ya tuɓe su. Ya tayar da mota. Arzika ya zuba wa ƙafar yaron ido, ya ga ta danna feda har ta taɓa ƙasa, ya ga yatsun sun ɗan lanƙwashe suna lalubar wurin kamawa. Giya ta ɗaya ta shige ba ko ƙis.

Allah ya sani, a zuciyarsa Arzika roƙo yake ta yi gurnani. Ko sau ɗaya, ko kaɗan, ya samu abin da zai riƙe ya ce kun ji ko. Aka hau titi, ta biyu ta shiga. Aka wuce kasuwa, ta uku ta shiga. Ya kasa kunne, ya riƙe numfashi a kowace kwana. Motar nan ta yi ta tafiya sumul kamar ranar da ya sayo ta, har ƙofar asibiti. Da aka tsaya, Arzika ya juyar da fuska wajen taga, ya goge ido da hannun riga.

Likita ya gwada jini, ya tsikari ƙafar da allura tun daga yatsu har idon sawu, Arzika yana kallo yana girgiza kai. Likitan ya ce ciwon suga ne, ya daɗe a jiki yana cin jijiyoyin ƙafa a ɓoye, ta hagu ta riga ta daina ji, ta dama ma ta fara. Ya ce an yi sa'a da aka zo yanzu, za a ceci ƙafar in an kiyaye. Ya ɗora masa magani da dokar abinci, ya ce kada ya ƙara taka ƙasa babu rufaffen takalmi, ko a tsakar gida. Arzika ya tambaye shi tuƙi fa. Likita ya dube shi, ya dubi ƙafar, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Ciwon ya ɗauki lokaci kafin ya warke, har aka yi girbi yana kwance. Yanzu in ka je tashar Tambuwal za ka same shi a benci kusa da mai shayi, sanye da baƙin takalmi sau-ciki da safa, shi da bai taɓa jure ko silifas a cikin mota ba. Fijo tana nan tana bin layinta, Abdulbasit ɗan Na'iya ne ke janta, kuma sharaɗi ɗaya aka gindaya masa, ya tuɓe takalmi kafin ya shiga. In wani direba ya tashi mota giya ta yi ƙara, za ka ga Arzika ya runtse ido, amma ya daina yi wa kowa faɗa.

Ran wata kasuwa Husaina ta sauko daga wata mota, ta hango shi. Ta taho da ƙwaryarta a ka, ta durƙusa ta gaishe shi. Ita ba ta ji labarin asibiti ba, kunyar abin da ta yi a tashar Kebbe ce ke cin ta.

"Baba Arzika, ka yafe mini, tsoro ne. In ka koma jan motar da kanka ka gaya mini, ni ce fasinjarka ta farko. Wai mi ya same ta ne haka?"

Arzika ya dubi takalman da ke ƙafarsa, ya motsa ta hagu da hannu ya gyara mata zama.

"Ba abin da ya same ta, Husaina," ya ce. "Motar lafiyarta ƙalau."